Sitiyarin tsohuwar motarka na kuka? Ga yadda zaka bi shi tun kafin ka kai ga sayen famfo

Duk mai riƙe da tsohuwar mota ya san kukan nan, ka tada mota da safe ka murza sitiyari zaka fita daga gida sai kaji wani ƙugi na tashi daga gaban inji, ko kuma tsuwwa mai shiga kunne da zata sa mutanen layi su juyo. Kana kaiwa gareji kuma maganar farko da za'a faɗa maka itace famfo, wato abinda ke tura man sitiyari, ya tafi, kawo kuɗi a je Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗauko Baljiyam. Wani lokacin gaskiya ne famfon ne, amma sau da yawa lafiyarsa ƙalau, iska ce kawai take shiga cikin man, ko man ya yi ƙasa, ko bel ya saki. Abinda yafi damuna shine a canza famfo a bar ainihin matsalar a wajen, bayan kwana kaɗan sabon ma ya fara irin kukan da tsohon yake yi, sai ace ai kayan Baljiyam ɗin ne ba kyau. Shiyasa nake so a bi abin a jere, a fara da wanda baya cin ko sisi, a ƙare da mai tsada.

Da farko ka tabbatar irin sitiyarin da kake da shi

Wannan bayanin na sitiyari mai aiki da mai ne. Buɗe bonet ka nemi wani ɗan tanki na roba ko na ƙarfe, yawanci akwai hoton sitiyari ko rubutu a murfinsa, tiyo biyu na fita daga jikinsa. In akwai shi toh da kai muke. Corolla ta 2003 zuwa 2008, Camry har zuwa ta 2011, Honda Accord tun daga Hala har ta 2012, Golf 3, Peugeot 406, tsofaffin Marsandi, yawanci masu mai ne. Corolla daga 2009 da Camry daga 2012 na lantarki ne, babu mai babu famfo, in irin su suna ƙara wata magana ce daban. Akwai kuma na tsakiya irin Peugeot 307 da suke da mai amma lantarki ne ke juya famfon, su babu ruwansu da maganar bel.

Yadda abin yake aiki a taƙaice, inji yana juya bel, bel yana juya famfo, famfo yana zuƙo mai daga tanki ta tiyo mai faɗi mara ƙarfi sosai, ya tura shi da matsi mai yawa ta wani tiyo mai kauri mai bakin ƙarfe zuwa rak, wato dogon ƙarfen nan da yake kwance tsakanin tayoyin gaba yana tura su hagu da dama. Daga rak man ya dawo tanki ta tiyo na uku. Matsin da ke cikin mai kaurin nan yana iya haura psi 1000, a ma'aunin da ake auna iskar taya da shi, idan ka murɗe sitiyari ƙarshe, dan haka kar ka taɓa sa yatsa kana lalube a jikinsa inji na aiki, siririn man da zai fito ta ƙaramar huda zai iya huda fata.

Saurari kukan da kyau

Nan ne rabin aikin yake kuma nan ne mutane suke gaggawa. Ka samu waje shiru, ka kashe rediyo da AC, ka sa wani ya zauna yana murza sitiyari a hankali kai kuma kana tsaye a gaba bonet a buɗe. In babbar riga ko jallabiya ce a jikinka ka cire ko ka naɗe hannun sosai, bel baya jira.

Idan ƙugi ne, wuuu wuuu, wanda yake ƙaruwa in an murza sitiyari kuma yake tashi sama in an taka totur, wannan maganar mai ce, ko ya yi ƙasa ko iska ta shiga ciki ko famfon baya samun isasshe. Idan tsuwwa ce mai kaifi musamman da ka tada mota ko ka kai sitiyari ƙarshe, bel ne yake zamewa. Idan kaji kamar ana niƙa wani abu, gurr gurr ba tsayawa ko an murza ko ba'a murza ba, boris ne, amma boris ɗin wa, na famfo ko na altaneta ko na fulin da ke riƙe bel, sai an bincika. In kuma ɗan huci kaji, sss, daidai lokacin da sitiyari ya kai ƙarshe kawai, wannan ba matsala bace, wani ɗan bawul ne a cikin famfo yake sakin matsin da ya yi yawa, haka aka ƙera shi.

Sai kuma ƙararrakin da ake ɗora wa famfo alhali babu ruwansa. Ƙwas ƙwas ƙwas a jere lokacin da kake kwana mota na tafiya, wannan shaf ne, leƙa bayan taya zaka ga robarsa ta yage giris ya fantsama. Ƙwal guda ɗaya in ka faɗa rami ko ka juya sitiyari daga hagu zuwa dama da sauri, tayarod ne ko boljoyin ko bushin ɗin da ke riƙe rak. Ƙiiƙ ko wani ɗan tsalle da sifirin yake yi in ana murzawa a tsaye, boris ɗin saman shokazoba ne, ɗora tafin hannu a kan inda aka ɗaure shi cikin bonet zaka ji shi yana bugawa. Duk waɗannan ko man duniya ka zuba bazasu daina ba.

Ka lura kuma da lokacin da kukan yake zuwa. Wanda yake zuwa da sanyin safiya kawai ya ɓace bayan inji ya ɗau zafi, musamman lokacin hunturu, kusan kullum iska ce ke shiga ta wata roba da ta bushe, zan zo kanta. Wanda sai mota ta yi zafi yake fitowa, ga sitiyari na nauyi a silo, wato inji na aiki ba'a taka totur ba, amma yana saki in ka taka totur, wannan yafi kama da famfon da ya gaji.

Kafin ka wuce, ka biya wajen mai faci a auna maka iskar tayoyin gaba. Taya mara iska tana sa famfo aiki fiye da ƙima a tsaye.

Duba man

Kashe mota a waje mai daidai. Goge murfin da gefensa da tsumma kafin ka buɗe saboda ƙurar mu kaɗan ta faɗa ciki ta isa ta fara cin famfo. Wasu tankunan ana ganin man ta jikin roba, wasu kuma akwai ɗan geji a jikin murfi. Zaka ga layi biyu, na sanyi da na zafi, kowanne da ƙasa da sama, in motar ta kwana ka duba na sanyi, in yanzu ka dawo daga tafiya ka duba na zafi.

Kar ka tsaya a yawansa kawai. Ɗiga kaɗan a kan farar takarda ka fita da ita rana. Mai lafiya ja ne garau ko ruwan zuma ko kore, ya danganta da irin motar. In ya koma baƙi yana warin ƙuna ya gama aiki. In kaga wasu ƴan ƙananan abubuwa suna ƙyalli a ciki, ƙarfen cikin famfo ne yake gugewa, wannan labari ne mara daɗi. In ɓarɓashin baƙar roba ne, tiyo ne ke ruɓewa daga ciki.

Yanzu a tada mota murfin a buɗe ka haska tocila ciki wani na murza sitiyari. Mai lafiya zaka ga yana ɗan zagayawa ne kawai. In kaga kumfa ko ƙananan ƙwayoyin iska, ko man ya koma kamar an dama shi da madara, ko kuma da an kashe mota sai man ya taso sama har ya nemi zubowa, toh iska ce a ciki, kuma ita ce ke wannan ƙugin. Mai baya matsuwa amma iska tana matsuwa, dan haka ƙwayoyin nan in sun shiga famfo sai su dinga fashewa a ciki, ƙarar da kake ji kenan, kuma a hankali suna cin ƙarfen.

Wane mai zaka zuba

Nan nake so a tsaya sosai dan ɓarna da yawa daga nan take farawa. Ba duk jan mai bane man sitiyari, kuma ba duk mota ke shan iri ɗaya ba. Karanta murfin tukunna, da yawa an rubuta a kai. Tsofaffin Toyota man giya na atomatik suke sha, ATF Dexron II ko III. Honda kuma nata daban ne, an rubuta a jikin robar cewa na Honda ne, in ka zuba mata ATF zata fara kuka kuma sil ɗinta, wato robobin da ke hana mai yoyo, bazasu daɗe ba, na sha ganin Accord da ba abinda ke damunta sai wannan. Volkswagen da Audi da dama da wasu BMW koren mai suke sha, CHF 11S, kar a haɗa shi da ja.

Sannan dan Allah kar ka bari kowa ya zuba maka man birki a tankin sitiyari da sunan wai zai kumbura sil ya tsayar da yoyo. Zai kumbura su tabbas, daga nan kuma su ruɓe gaba ɗaya, na famfo da na rak da cikin tiyo duka, ƙaramin gyara ya koma babba. Baƙin man inji ma ba wajensa bane. In tsakar daji ne ba yadda zaka yi ka zuba ATF ka kai gari, amma ka wanke shi da wuri in motarka ba shi take sha ba.

In man ƙasa yayi, cika shi zuwa layin, kar ka wuce dan yana faɗaɗa in ya yi zafi. Kukan zai iya tsayawa nan take, amma kar kace an gama. Man sitiyari baya ƙarewa kamar fetur, zagaye kawai yake yi, in ya ragu akwai inda ya bi.

Nemo inda yake fita, da inda iska take shiga

Wanke wajen da fetur kaɗan a tsumma ko a kai wajen wanki, inji a sanyaye, ya bushe, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi ya kwana. Washegari ka bi da tocila daga sama zuwa ƙasa, saboda mai gangarowa yake, inda yake ɗiga ba lallai nan ne inda yake fitowa ba. Duba bayan fulin famfo, in ya jiƙe sil ɗin gaba ne. Duba tiyo mai kauri daidai inda roba ta haɗu da ƙarfe, nan yake fara gumi. In wannan tiyon ya bi kusa da salansa kar ka ɗage gyaransa ko na kwana ɗaya, man yana kama wuta, Honda ma sai da ta kira Accord masu V6 na 2003 zuwa 2007 a Amurka saboda irin wannan tiyon. In famfon a saman altaneta yake, ɗigar tana kashe altaneta a hankali.

Sai ka kwanta ka duba robobin nan masu lanƙwasa a gefe biyu na rak. Matsa su da hannu. Kamata yayi kaji iska kawai, in kaji mai na motsi a ciki ko ka zare kilif mai ya zubo, sil ɗin cikin rak ya tafi, kuma wannan shine dalilin da yasa wani zai ta ƙara mai bai taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. A wasu tsofaffin Toyota da Lexus kuma akwai ɗan bawul a jikin famfo mai siraran tiyo biyu da suke tafiya wajen shan iskar inji, aikinsa ya ɗaga silo in an murza sitiyari, in ya lalace inji ne yake zuƙe man ya ƙona, zaka ga farin hayaƙi da safe. Zare tiyon ka gani, in da mai a ciki ka kama ɓarawon.

Wanda yafi wahalar ganewa shine ɓangaren zuƙa, wato daga tanki zuwa famfo. A nan babu matsi, zuƙa ake yi, dan haka ƙaramar kafa bata fitar da mai, iska take shigarwa, waje a bushe tas amma tanki cike da kumfa. Kama tiyon ka matsa, in ya yi tauri kamar itace ko bakinsa ya tsattsage ko kana iya juya shi da hannu a kan bututun, canza shi da kilif ɗinsa. Ka tabbatar tiyon mai aka baka, na ruwan lagireto baya jure mai, zai yi laushi ya manne in famfo ya zuƙa.

Masu Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda muke ce wa EOD da ƙanwarta, ku saurara nan. A daidai inda wannan tiyon yake shiga famfo akwai wani ɗan bututu da noti guda mai lamba 10 ya riƙe, a ƙarƙashinsa akwai ƴar zagayayyar roba kamar zobe. Da ta tsufa sai ta bushe ta daina kamawa, da sanyi ta ƙanƙance iska ta shiga, inji ya yi zafi ta ɗan buɗe kukan ya tsaya. Sananniyar matsala ce har kamfanin ya fitar da sabuwar robar. Ka zuƙe man tanki, ka sa tsumma a ƙasa dan kar ya zuba kan bel, ka kwance notin, ka zaro bututun, ka cire tsohuwar da tsinke ba da ƙarfe ba dan kar ka karce wajen, ka shafa wa sabuwar mai ka saka. Aikin baya kai rabin awa kuma kuɗin robar kaɗan ne, amma famfo nawa aka jefar saboda ita. Ko motarka ba Honda bace ka duba, famfo da yawa suna da irin wannan zoben a mashigarsu.

Akwai kuma raga a gindin tanki, irin ta tace koko amma ƙanana sosai. Shekaru suna sa ta toshe da datti, sai tanki ya kasance cike amma famfo yana jin yunwa, ƙugi iri ɗaya da na rashin mai. In ka zuƙe man ka haska zaka ganta. Cire tankin ka wanke da fetur ka bari ya bushe sarai, in ragar ta yage ko dattin yaƙi fita kawai sayi wani tankin.

Bel

Mota a kashe, makulli a aljihunka. Danna bel da babban yatsa a tsakiyar inda yafi tsawo, kamata yayi ya lotsa kamar santimita 1, in ya wuce haka sosai ya saki. Juya cikinsa ka gani, in ya tsattsage ko yana sheƙi kamar gilashi ko mai ya jiƙa shi, canza kawai, bel ɗin da ya sha mai baya dawowa, kuma sai ka tsayar da yoyon kafin ka sa sabo. In kana shakka, fesa masa ruwa kaɗan inji na aiki, in tsuwwar ta canza nan take, ta ɗauke na ɗan lokaci ko ta ƙaru, daga bel ne. Sabulu da giris da wasu ke gogawa yana rufe bakin ƙarar ne na yini guda.

A tsofaffin motoci ana sassauta notin famfo a ja shi a ɗaure. Kar a sa ƙarfe a danna jikin tanki ko bututu wajen ja, kuma kar a ɗaure kamar tsirkiya, bel mai tsananin ɗauri shi ke kashe boris ɗin famfo. Motocin da bel ɗaya ke juya komai suna da abin ɗauri mai sifirin da kansa yake ja, in ya gaji zaka ga yana rawa, shi za'a canza. Tunda ka cire bel, juya kowane fuli da hannu, wanda kaji yana gurzawa ko yana girgiɗi shine mai laifin. Wata hanyar kuma ka ɗora bakin dogon sukundireba a jikin famfo ka kara kunne a mariƙin, sannan ka gwada a altaneta, inda ƙarar tafi nan take, amma ka yi nesa da abinda ke juyawa.

Canza man gaba ɗaya

In man baƙi ne ko an gauraya, a fitar da shi. Hanya mai sauƙi, sayi babban sirinji a kemis ka haɗa masa siririn tiyo, zuƙe na tanki, cika da sabo, yi yawo kwana biyu, ka sake, haka har launin ya washe. Tana cin mai amma babu haɗari.

Hanyar da tafi wankewa, ɗaga gaban mota tayoyin biyu su bar ƙasa, ka tokare da abin tokare na ƙarfe ko katako mai kauri, ba jak kaɗai ba kuma ba bulo ba dan bulo yana fashewa ba sanarwa, ka ja birkin hannu ka sa dutse a tayar baya. Zuƙe tanki, zare tiyon dawowa, wato siririn, ka sa bakinsa a cikin gora, ka toshe bututun tankin da ka zare shi. Cika tanki da sabon mai. Juya makulli sitiyari ya saki amma kar ka tada inji, wani ya dinga murzawa ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali, tsohon zai dinga fita cikin gorar kai kuma kana ƙarawa, kar ka bari tanki ya ƙafe. Da kaga mai tsabta ya fara fitowa ka maida tiyo. Ka tanadi kamar lita 2. Wasu suna yi inji na aiki, ni bana so, famfo yana kwashe tankin cikin daƙiƙu kaɗan ya koma juyawa a bushe.

Fitar da iska

Duk lokacin da aka buɗe wani abu a layin nan, ko tiyo ko zobe ko famfo, sai an yi wannan, kuma shine matakin da ake yawan tsallakewa sai a baka mota tana kuka ace zata daina da kanta. Gaban mota a ɗage, inji a kashe, murfi a buɗe, mai a kan layi. Murza sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali kamar sau 20, zaka ga ƙwayoyin iska suna tasowa man yana sauka, ka dinga cikawa. In sun daina, tada inji na ƴan daƙiƙu ka kashe, ka duba. In ya yi kumfa kar ka cigaba, ka bar shi rabin awa ko fiye ya kwanta, dan in ka cigaba da murzawa kumfar kake ƙara kaɗawa. Sannan ka sake na inji a kashe, ka tada, ka murza a hankali a silo, kana taɓa ƙarshe ka dawo, kar ka danne shi a ƙarshe ya wuce daƙiƙa 5 saboda a nan matsi yake kaiwa maƙura man ya yi zafi. Wannan ma ɗabi'a ce da ya kamata ka bari ko a tuƙin yau da kullum, wajen fakin da juya mota a lungu. Sauke mota ka zaga ka dawo ka duba.

In ka yi duk wannan da kyau washegari kumfa ta dawo, har yanzu akwai inda iska take shiga, koma kan tiyon zuƙa da zoben nan, wani lokacin kuma sil ɗin bayan fuli ne.

In ya tabbata famfon ne

Mai sabo kuma daidai, babu kumfa, raga a wanke, bel lafiya, amma ƙugi na nan, sitiyari na nauyi a silo, ko ka ga ƙyallin ƙarfe a man, ko fulin na girgiɗi, yanzu kam ka isa ka sayi famfo. In Baljiyam ne ka tafi da tsohon a hannu a gwada ramukan noti da yawan layin fuli da inda tiyo ke shiga. Juya fulin, ya juya sumul ba wasa, ka leƙa mashigar, in tsatsa ko yashi a ciki ajiye shi dan kayan nan suna daɗewa a buɗe a rana da ruwa. Ka yi magana da mai shago kan kwanakin gwaji kafin ka biya. In yoyo kawai tsohon yake yi baya kuka, ana sayar da sil ɗinsa a saiti, bakanike mai haƙuri zai farke ya canza, kuma asalin famfon motar da aka gyara sau da yawa yafi sabon mai arha daɗewa.

Wajen ɗaurawa, a wanke layin da tanki tukunna, in ba haka ba ɓarɓashin tsohon ne zai shiga sabon. A sa sabbin wosha na jan ƙarfe a babban notin tiyo mai kauri, tsofaffin sun riga sun lotse. Notin bututu a fara ɗaura shi da hannu ya shiga daidai kafin a sa sifana, jikin famfo da yawa alminiyon ne, zaren yana cinyewa da wuri. A zuba mai a mashigar a juya fulin da hannu kafin a sa bel, sannan a fitar da iska yadda na faɗa kafin a tada inji.

Rak kuma in shine yake yoyo ko yake da wasa ko sitiyari ya fi nauyi a gefe ɗaya, wannan ba aikin ƙofar gida bane, ka kai wa wanda ya saba. Ka ce a ɗaure sitiyarin a tsakiya kafin a raba shi da rak, in ya juya sakaka wayar da ke bayansa ta hon da jakar iska tana tsinkewa. Ka sa a canza robobin gefe da sababbi, in an gama kuma ka wuce wajen alaimen kai tsaye kafin tayoyi su fara cin gefe, sannan satin farko ka dinga buɗe murfin kowace safiya kana ganin ko man na nan a kan layinsa.